Barsu a Gaban Mota

Rusaifa, Makka
Farkon watan Muharram

Zuwa ga Baba Maharazu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk mutanen Gwadabawa. Yaya gajiyar hanya? Yaya kuma ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafi, wanda ka fi ni saninsa.

Na sha kiran wayar jikarka Ramlatu tana kara maka a kunne, ina ta ihu kamar mai tallar kifi, kai kuma ba abin da kake amsawa sai na'am. Shi ya sa na koma ga takarda. Zan riƙa rubutawa ina ɗaukar hoto ina tura mata, ita kuma ta karanta maka. Ramlatu, ki zauna ta gefen kunnensa na dama, na hagun ya daɗe da ajiye aiki.

Labarin kama ka ya iske ni ina kasuwar dabbobi ta Kakiyya ina lodin harawa. Aka ce an tare ku a Kudai bayan sallar Juma'a, an tambayi iƙama, wato takardar izinin zama, babu. Ban yi mamaki ba, Baba. Shekara talatin da ɗoriya kana kiwon tumakin mutane ba takarda, ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ka kai haka. Na je wurin da ake tsare mutane kafin a mayar da su gida, ban samu ganinka ba, sai daga baya na ji an sa ku a jirgi. Allah ya sa hakan ne mafi alheri.

To, ga halin da ka bari. Maigidanmu Nawaf ya sayar da tumakin gaba ɗaya, ya ce ba shi da wanda zai damƙa wa su bayanka, kuma shi ma ya gaji. Filin ma ya sayar. Wanda ya saya zai gina rumbunan ajiye kaya, har an kawo katafila an ajiye a bakin kwarin da kake kiwo. Na shiga bukkarka na ɗauko akwatinka na ƙarfe da butarka da rediyo, suna nan ƙarƙashin gadona.

Saura karenka. Barsu yana nan a ƙofar bukka, fuskarsa na kallon hanyar da ka bi ranar Juma'ar nan. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. In na kai masa ragowar shinkafa sai ya bari na yi nisa sannan ya ci kaɗan. Masu gadin sabon wurin sun ce kukansa yana hana su sakat, kuma ya yi wa ɗayansu gurnani da ya leƙa bukkar. Sun faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa in watan nan ya ƙare yana wurin, za su sa masa guba a nama. Ba cikin fushi suka faɗa ba, kamar dai masu maganar gyaran famfo.

Ka san ni da kare. Duk shekarun da na yi ina kawo muku harawa da ruwa ban taɓa bari ya shinshini rigata ba, kai ma kakan yi dariya in ka ga na tattare ta na raɓe jikin mota. Amma ba zan so a ce ka bar abu mai rai a hannunmu mun zuba ido an kashe shi ba. Na yi magana da Issoufou, mutumin Tawa ɗin nan da ke gadin gonar rumman ta ɗan'uwan Nawaf a Shafa, can saman Ɗa'ifa. Birai sun addabe shi, suna kwashe masa 'ya'yan itace tun ba su nuna ba. Ya ce a kawo masa karen da gudu. Nawaf kuma ya yarda in ɗauki a-kori-kurar duk ranar da na sami sarari.

Ba wani aiki ba ne. Na kai raguna Mina da ba su ƙirguwa, ba za a ce kare guda ya gagare ni ba. Zan ɗaure shi a bayan mota in kai shi in dawo.

Ka gaishe da kowa da kowa. Ramlatu, sannu da karatu.

Naka,
Hafizu direba


Rusaifa, Makka
Tsakiyar Muharram

Baba Maharazu,

Sallama da gaisuwa irin ta addini. Ina fata ka tashi lafiya, gwiwar kuma ta lafa. Ramlatu ta ce ka fara fita masallaci da sanda, na ji daɗi. Ta kuma ce da ta karanta maka wancan zancen raguna ka girgiza kai. Yanzu na gane dalili.

Barsu yana nan da rai, in fara da wannan. Amma saura ƙiris na kashe maka shi da hannuna, tun masu guba ba su kai ga nasu ba.

Ranar Asabar na gama lodin safe na wuce kwarin, rana ta riga ta take. Na tafi da Mudassir, abokin ɗakina. Muka yaudari karen da nama, muka rufa masa buhu, muka ɗora shi bayan mota, na ɗaure igiya a wuyansa na ƙulle a ƙarfen gefe, yadda nake yi wa rago. Abin da ban lissafa ba shi ne, rago yana da kofato, kuma kullum a kan ciyawa da kashinsa yake tsayawa. Ni kuwa ranar na wanke bayan motar fes, ƙarfe ne tsagwaronsa, ya kuma sha rana. Shi kare tafin ƙafarsa nama ne. Da muka tashi ina hango shi ta madubi yana ɗaga wannan ƙafa yana ajiye waccan, na ce wa Mudassir taurin kai ne irin na mai shi. Can na sake dubawa, ba kare a madubi. Ashe ya yi tsalle ta gefe, igiyar ta riƙe shi ta wuya, yana reto a jikin mota. Allah ya taimake mu ba mu hau kwalta ba, a hankali nake tafiya. Na taka birki na yanke igiyar, ya faɗi yana kakari, idanunsa sun firfito.

Daga baya na ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen nan don in ji. Ban iya barin sa ba ko na ƙiftawar ido.

Ni na ɗauke shi a hannu na kai shi inuwa. Wannan ne karon farko da na taɓa kare a rayuwata, kuma ban tuna da riga ba sai da na ga jini da gashi a jikinta. Na ɗauko likitan dabbobi daga Kakiyya, wani Basudane mai faɗan tsiya. Ya shafa masa magani a ƙafafu da wuya, sannan ya juyo kaina ya wanke ni tas. Ya ce kare ba kaya ba ne, a cikin mota ake sa shi inda sanyin mukayyif, na'urar sanyaya iska, ke kaiwa. Kada a ɗaure shi ta wuya, sai dai a yi masa ɗamara ta ƙirji a haɗa da bel ɗin kujera. Kada a cika masa ciki kafin tafiya, amma a riƙa tsayawa ana ba shi ruwa. A fita da sanyin safiya. Kuma ko sallah zan yi, kada in kuskura in rufe shi a mota in tafi, don a garin nan kafin in sallame ya dahu. Na ce to, to, kamar yaron da aka kama da satar nama.

Sai dai motar kujera biyu gare ta, tawa da ta kusa da ni, kuma a nan nake ajiye daddumata da abincina. Abin ya tsaya mini a rai, na je na sami malaminmu na zauren unguwar Hindawiyya. Ya ce a karatunmu na gida jikin kare mai rai ba ya ɓata tufa, ƙwaryar da ya sa baki ce ake wankewa sau bakwai. Mutanen nan kuwa sun fi tsanantawa, har da ƙasa suke haɗawa. Ya ce in ware masa kwanonsa, in shimfiɗa wani abu a kujerar, in mayar da dadduma wani wuri, in daina wahalar da kaina. Mudassir kuma ya ce malam ya faɗi nasa, amma ranar da na shigo ɗaki da warin kare a saman bene zan kwana.

Matsalar yanzu ita ce Barsu ya tsani motar. Da ya ji ƙararta sai ya ɗingisa ya haye duwatsu. Kullum bayan la'asar nakan je in tsaya, in buɗe ƙofa, in ajiye abinci kusa da taya, in koma gefe in zauna. Yakan kalli abincin, ya kalle ni, ya kwanta a inda yake. Ban ga laifinsa ba. Wata kuma ya raba tsakiya, masu gadin sun tuna mini jiya.

Ka sa mu a addu'a. A gaishe da mutanen gida.

Naka,
Hafizu


Rusaifa, Makka
Ƙarshen Muharram

Zuwa ga Baba Maharazu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan kana lafiya, damina kuma ta yi muku albarka. Ka yi haƙuri da jin shiruna, ban so in rubuto ba sai da abin faɗa a hannu. Barsu ya isa Shafa lafiya. Ga yadda aka yi.

Bayan takardata ta baya katafila ta bi ta kan bukkarka, da tabarmar da tsofaffin rigunanka duk a ciki, aka kwashe aka zubar. Karen ya koma kwana a kan ɓaraguzan. Likitan nan ya ce da zan sami wani abu mai ƙanshin jikinka da ya taimaka, sai na ji haushin kaina da ban ɗebo rigunan ba. Da na koma ɗaki na jawo akwatinka na buɗe, ka gafarce ni. Ba komai ciki sai carbi da magunguna da 'yan hotuna, sai can ƙasa wani tsohon harami, ƙyalle biyu, a naɗe cikin leda, irin mai kaurin nan na da, har ya yi ja don tsufa. Ka san yadda harami yake a garin nan bayan Hajji, tuli-tuli a bakin titi, mu direbobi da shi muke goge gilashi. Na shinshina, na ji hayaƙin bukkarka da ɗan turaren nan naka. Na ɗauki ƙyalle ɗaya na mayar da ɗayan.

Da na shimfiɗa shi a ƙasa na ja da baya, Barsu ya sauko daga duwatsu ba tare da na kira shi ba. Ya shinshine shi daga wannan baki zuwa wancan, ya zagaya, ya kwanta a kai, ya cusa hancinsa a ciki. Ranar ya cinye abincinsa tas ina tsaye. Daga nan kullum sai in matsar da ƙyallen kusa da mota. Wata rana a gindin taya, wata rana a bakin ƙofa, har ya kai kan kujera. Da farko ban tayar da injin ba. Da na fara tayarwa ya dire ya gudu, amma ya dawo, don ƙyallen yana ciki. Sannan muka fara zagaya kwarin a hankali. Wani baduku a Hindawiyya ya ɗinka mini ɗamarar ƙirji da faffaɗar igiyar lodi, ya sa mata ƙugiya. Ya tambayi girman yaron da za a sa wa, na ce yaron ƙafa huɗu gare shi.

Muka tashi ranar Juma'a bayan sallar asuba. Ban ba shi komai ba sai ruwa. Na ɗaura masa ɗamarar na haɗa da bel, na karkatar da iskar mukayyif ƙasa don kada ta riƙa dukan idonsa, na mayar da daddumata bayan kujerata. Muka wuce Arfa, fili fetal ba kowa, kamar ba nan aka yi cunkoson watan jiya ba. A shingen bincike jami'in ya karɓi iƙamata ya duba, ya leƙo ya ga kare zaune a gaban mota da bel, sai ya tambaya ko shi ma fasinjan yana da tasa iƙamar. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Ni ma na yi dariyar, amma kai na tuna, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

Hawan dutsen Hada shi ne aikin. Ka san hanyar, kwana a kan kwana. Ba mu yi nisa ba ya fara haki yana dalalar da yawu, sai ga amai. Na riga na shimfiɗa leda a ƙasa, don haka ban damu ba. Na rage gudu har na baya suna ta yi mini hon, na bar su da hon ɗinsu. Da na sami wurin tsayawa na sauke shi da igiya, ya sha ruwa a kwanonsa, ya yi fitsari a jikin dutse, ya tsaya yana kallon Makka can ƙasa cikin hazo. Ƙafafun sun warke, sai dai har yanzu yana taka na gaba a hankali.

Kuskure ɗaya na yi. Da muka koma mota na sauke gilashin gefensa rabi don ya sha iskar dutse. Wurin kuwa matattarar birai ce, suna zaune a kan katanga matafiya na jefa musu ayaba. Wani ƙaton namiji ya diro kan murfin injin ya zauna yana leƙenmu. Barsu ya zabura da dukan ƙarfinsa zai fita ta taga. Ɗamarar ce ta fizgo shi ya dawo kan kujera. Bayan katangar nan kuwa rami ne da ba a ganin ƙarshensa. Na ɗaga gilashin na bar ɗan yatsa biyu kawai, na ja mota. In kana da hali ka yi wa badukun nan addu'a.

Daga nan ya yi laushi. Ya kwanta a kan haramin, ya miƙo wuya ya ɗora kansa a cinyata, yawunsa ya jiƙa mini wando. Na dube shi, na dubi wandon, na ci gaba da tuƙi. Ina da wani wandon a jaka. A kusa da masallacin miƙati na so in sha shayi, amma ban iya barinsa ba, sai na sa aka miƙo mini ta taga. Masu shirin Umra suna ta wucewa cikin sabon harami fari ƙal, wani dattijo ya leƙo ya ga abin da karen ke kwance a kai, ya ɗaure fuska. Na kau da kai.

Mun isa gonar da hantsi. Sanyi kamar ba ƙasa ɗaya muke ba. Issoufou ya fito da murna, amma Barsu ya ƙi sauka, har sai da na zare ƙyallen daga ƙarƙashinsa na kai rumfar da ke gindin itatuwan rumman na shimfiɗa. Ya biyo ni ya kwanta. Issoufou ya ce zai ɗaure shi na 'yan kwanaki har ya saba. Na bar musu kwanon da ɗamarar na juyo.

A hanyar dawowa na lura ina ta shiga kwana a hankali, alhali ba kowa a kujerar. Shi ke nan, amanarka ta isa. Mudassir bai kore ni saman bene ba, amma ya sa na yi wanka kafin in zauna.

A gaishe da Ramlatu da kowa.

Naka,
Hafizu


Rusaifa, Makka
Farkon Safar

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata wannan takarda ta same ka da sauƙin zuciya.

Saƙon Ramlatu ya iso jiya. Ta ce ka yi ta murmushi tana karanta labarin birai, amma tun daga wurin akwatin fuskarka ta canza, da ta gama kuma ka tashi ka shiga ɗaki ba ka ci abincin dare ba. Da safe ka gaya mata cewa haramin nan shi ne wanda ka ɗaura a jirgin ruwa daga Sudan shekarar da ka zo, kuma ajiye shi ka yi don ya zama likkafaninka. Ta ce ka ce burinka a da shi ne a binne ka a Makka, tunda Allah bai nufa ba, ka so aƙalla a naɗe ka a cikin abin da ka shigo ta da shi.

Wallahi ban sani ba, Baba. Amma ba zan ɓuya a bayan rashin sani ba. Mutum ba ya naɗe tsumma a leda ya sa a ƙasan akwati. Da na tsaya na yi tunani da na gane. Zaman garin nan ne ya sa idona ya saba, har na daina ganin harami a matsayin komai sai abin goge gilashi. Na ɗauki likkafaninka na shimfiɗa wa kare, ya yi amai a kusa da shi, na wuce da shi ta gaban miƙati. Kunya ta ishe ni.

Ƙyalle na biyu, na yafawa, yana nan cikin ledarsa, ba abin da ya taɓa shi. Na ɗaurawar ne ke Shafa. Ranar Juma'a zan hau in karɓo shi, in wanke shi sau bakwai, har da ƙasar zan sa don kada a bar wata shakka. Akwai wata Hajiya Batulu 'yar Sakkwato da ta zo Umra, za ta koma ƙarshen wata, ta yarda ta kawo maka su har gida. Karen kuma zan saya masa tawul, ai ya saba da wurin yanzu.

Ka yafe mini. Ramlatu, ki lallashe shi ya ci abinci.

Ɗanka,
Hafizu


Rusaifa, Makka
Tsakiyar Safar

Zuwa ga Baba Maharazu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fata kana lafiya, jiki da zuciya. Ramlatu ta ce ka ce ka yafe, kuma kana jiran saƙon. Na gode, Allah ya saka da alheri. Ramlatu, wannan takardar ki karanta masa a hankali, kada ki tsallake komai.

Na hau Shafa ranar Juma'a kamar yadda na yi alkawari, da sabon tawul a leda. Barsu ya yi ƙiba, gashinsa ya kwanta. Issoufou ya ce tuni ya kwance shi, kuma tun da ya zo birai sai dai su zauna a kan dutse suna kallon rumman daga nesa. Ya ce duk inda ya zagaya, a kan ƙyallen nan yake dawowa ya kwanta. Ranar da aka yi ruwan sama ma da haƙori ya ja shi zuwa cikin rumfa. Da ya gan ni ya zo ya shinshini rigata, ban tattare ta ba.

Na ɗauka zai yi gurnani in na taɓa ƙyallen. Bai yi ba. Ya tashi ya ba ni wuri, yana kallona na kakkaɓe shi na ninke. Na shimfiɗa masa tawul ɗin, ko shinshinawa bai yi ba. Na kai haramin mota na ajiye a kan kujera, na bar ƙofar a buɗe don iska ta shiga, na koma muka sha shayi da Issoufou. Na ma ji daɗi a raina da abin ya zo da sauƙi.

Da na fito zan tafi, sai na tarar da shi a gaban mota. Yana zaune a kan kujerar nan, kusa da ƙyallen, ya miƙe tsaf, ya tura ƙirji gaba yadda yake yi in za a ɗaura masa ɗamara, idonsa a kan hanya. Karen da na yi makonni ina roƙo ya shiga motar nan, yau ba wanda ya kira shi. Issoufou ya yi masa fito, ya nuna masa nama, ko waiwayowa bai yi ba. Na kama shi zan sauke, ya ƙanƙame kujera, ba cizo ba gurnani, sai wutsiya da yake kaɗawa a hankali.

Ni ba masanin zuciyar dabba ba ne, Baba, amma wannan ko ni na gane. A lissafinsa, inda ƙyallen nan zai je, can mai shi yake. Wancan karon ya bi shi ya jure kwanoni da amai, ya iso bai same ka ba. Yau da ya ga an sake ɗauka, ya ɗauka wannan ce tafiyar da za a kai shi wurinka.

Na shiga na zauna a mazaunina, ban tayar da injin ba. Mun daɗe a haka, ni da shi, muna kallon hanyar da ba za ta kai shi ko'ina ba. Ba zan iya mayar da shi Makka ba, ba shi da wurin kwana sai inda ake jiransa da guba. In kuma na sa aka riƙe shi na tafi da ƙyallen, Issoufou ya ce ba ya shakka zai biyo motar har kan kwalta, hanyar kuwa ka san ta.

Daga ƙarshe na ɗauki haramin na fita, na mayar da shi rumfar na shimfiɗa a inda yake. Barsu ya ƙara zama a motar na wani lokaci shi kaɗai. Sannan ya sauko da kansa, ya bi ta gabana bai kalle ni ba, ya je ya kwanta a kai.

Don haka ga abin da Hajiya Batulu za ta kawo maka: ƙyallen yafawa, naka na asali, cikin ledarsa. Na haɗa da farin yadi sabo, na wanke shi da ruwan Zamzam na shanya a saman bene, zai cike abin da ya rage. Carbinka da hotunan ma suna ciki. Na ɗaurawar kuwa ban kawo ba. Haƙƙinka ne, ban musa ba. In ka ce lallai sai an karɓo, zan gaya wa Issoufou ya kulle karen a ɗaki ya sauko mini da ƙyallen, amma ni hannuna ba zai sake ɗaga shi daga wurin nan ba.

Ka so ka kwanta a ƙasar nan, Allah bai yi ba. Rabin likkafaninka dai ya sami wurin kwana a cikinta, kuma akwai mai gadinsa dare da rana.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka daɗe ba ka buƙaci saƙon nan ba. A gaishe da Ramlatu da duk mutanen gida. Issoufou da Mudassir suna gaisuwa.

Ɗanka,
Hafizu